Baba Injiniya Ya Koma Bakin Dam

Wayar shingen ta kama mata zani a daidai gwiwa. Ta ja, ta ji ƙarar yagewa.

"Shi ke nan, an fara," in ji Anti Tela. Tana duƙe, rabin jikinta a cikin shingen dam, rabi a waje. "Zo ka ɗaga min wayar nan mana! Ka tsaya kana kallona kamar an kunna maka talabijin."

Mijinta ya sauko daga motar hayarsa, ya ɗaga wayar da hannu biyu har ta wuce. Ya gwada bin ta. Kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, tumbi ya ce bai san zancen ba. Ya ja da baya yana kakkaɓe riga.

"Ni dai ba zan wuce ta nan ba. Bari in je in nemo mai makullin get. Amma ki ji ni da kyau, mutumin nan fa ba ubanki ba ne. Yana da 'ya'ya uku, kowanne da hannu da ƙafa."

"Na ji. Je ka nemo makullin."

Ita ma ta san ba ubanta ba ne. Katanga ɗaya ce kawai ta raba gidanta da ɗakin da Baba Injiniya yake haya, shekara shida ke nan. Ko injiniyan ma suna ne unguwa ta liƙa masa, bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Shi ne dai yake tayar da injinan tura ruwa a dam ɗin garin, shekara talatin da ɗaya, kuma a gidan ma'aikata da ke bakin ruwan ya haifi 'ya'yansa duka. Da aka jawo wa gari ruwa daga wani wuri mai nisa, sai aka rufe dam ɗin, aka sa wa get sarƙa, aka ba shi takardar ritaya da wata uku ya kwashe kayansa. Matarsa ta rasu shekara biyu bayan nan. 'Ya'ya suka watsu, kowa da garinsa. Zuciya ta fara ba shi wahala, ƙafafu suka kumbura. Ba wanda ya ce wa Anti Tela ta ɗauki nauyinsa. Shayi ta miƙa masa wata safiya, daga nan aka zarce, har ta wayi gari ita ce mai riƙe katin asibitinsa.

Yau ƙarfe goma likita ya ce a kai shi. Ta rufe shago, ta bar kayan makarantar yara arba'in a yanke ba a haɗa ba, ta sa mijinta ya bar fasinja. Ta je ɗakin, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Sai da ta zagaya layi uku kafin mai facin taya ya ce ya ga tsohon tun da sassafe ya yi hanyar dam, da manjagara a kafaɗa.

Ciyawa ta kai mata ƙugu. Inda take bi tsohuwar hanyar mota ce, amma kwaltar ta farfashe, ƙaya ta fito ta tsakani. Tana tafiya tana buga ƙafa saboda maciji, sai wayarta ta yi ƙara. Autar Baba ce.

"Anti, ina kwana? Kun isa asibitin?"

"Ba mu isa ba. Babanki ya fita, nemansa nake yi."

"Ya fita? Haba Anti! Ai na ce a daina barinsa yana fita shi kaɗai."

"Wa kika ce wa?"

"Ke mana. Ai ke ce a kusa."

Anti Tela ta tsaya cak. Magana ta zo mata har bakin leɓe, irin wadda idan ta fita ba ta komawa. Ta haɗiye.

"Ɗaure shi zan yi a ƙafar keken ɗinki? Ki bari in same shi tukuna."

"To, idan kin same shi ki ba shi waya, zan yi masa faɗa. Kuma ki gaya wa likita ya sake duba hawan jinin, wancan karon ba su rubuta ba. Ina cikin taro yanzu."

Wayar ta katse. Anti Tela ta cusa ta a jaka, ta yi tsaki mai tsawon da har wani ƙadangare ya ɗago kai daga kan dutse.

Gidan ya bayyana bayan wasu bishiyoyi biyu. Ba ta taɓa zuwa ba, ko da yake ta sha jin labarinsa har ya gundure ta: ɗaki uku da falo, famfo a kicin da ba ya ɗaukewa, lambun da matarsa ta yi a gefe. Yanzu rabin kwanon rufin ya tafi. Tagogin ramuka ne kawai, an cire gilashi har da ƙarafunan. Ƙofar gaba tana rataye ta gefe ɗaya.

"Baba!" ta kira daga baranda. "Baba Injiniya!"

Shiru. Ta tura ƙofar da ƙafa ta shiga.

Warin jemagu ne ya fara tarbar ta, ta toshe hanci da bakin mayafi. Silin ɗin falon ya rufto, ya jiƙe ya bushe har ya zama kamar tsohon kwali. Kashin awaki ko'ina. An tone bango an zare wayoyin wuta, an bar dogayen tsagogi daga sama har ƙasa. Samari sun yi rubutu da gawayi, wani yana son wata, wani ya zo ya zage su duka biyun a ƙasa. A kicin an ɓalle famfon da Baba yake yabo, wata bishiya ta fasa siminti ta fito daidai wurin, ta leƙa kai ta rufi.

Ɗaki na farko babu komai sai gara. Na biyu ta leƙa, wani abu ya yi fur ya wuce ta kan kanta, ta saki ihu ta dafe bango. Ta tsaya tana zagin jemagu da dam da ranar da ta fara dafa shayin nan.

Ɗaki na uku a share yake.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. An share shi tas, ga tsintsiyar a jingine. An shimfiɗa kwali a ƙasa, an ɗora dutse a kowace kusurwa. Ga tsohon takalmin roba cike da busasshen taɓo. Ga kuma filas ɗinta mai jan murfi, wanda ta yi sati biyu tana nema, wanda ta yi wa 'yan biyunta faɗa a kansa har ɗayar ta yi kuka.

Sai ta ga bakin taga. Ƙananan ƙullin takarda ne a jere. Ta san su, ita take ƙulla su kowace safiya, ƙwaya uku a ciki, ta miƙa masa tare da shayi, ya ce zai sha idan ya ci wani abu. Ta buɗe ɗaya. Ƙwayoyin suna nan yadda ta sa su. Ta ƙirga ƙulli goma sha ɗaya.

Ta kwashe su duka ta damƙe a hannu.

Ta fita ta ƙofar baya. Daga nan wasu matakala na siminti suka gangara zuwa kusurwar katangar dam. Mafi yawan dam ɗin ya bushe, ƙasa ta tsattsage, amma ruwan sama biyu da aka yi a watan sun tara ruwa a wannan kusurwa, kore, mai wari, robobi na yawo a kai. A gindin katangar akwai wata babbar raga ta ƙarfe. A gefenta an tara tulin shara da ya kusa kai tsayin mutum: ledoji, rassa, tsummoki, tsofaffin tayoyi. Baba Injiniya yana zaune a matakala ta ƙarshe, ƙafafunsa a cikin taɓo, ya rungume sandar manjagara ya jingina goshi a kanta.

"Baba!"

Ya ɗago a hankali. Leɓensa ya yi fari, amma idon nan nasa yana nan da kaifinsa.

"Kin zo? Madalla. Zo ki kama min nan."

"In kama maka?" Ta sauko matakala tana ɗaga ƙullin maganin. "Mene ne wannan? Baba, mene ne wannan? Kwana goma sha ɗaya! Ina tashi da sassafe ina ƙulla maka, ashe taga kake ba wa?"

"Maganin nan fitsari yake sa ni. Idan na sha, ba na iya aiki."

"Wane aiki? Wa ya sa ka aiki? Sun sallame ka! Sun rufe wurin nan da sarƙa!"

"'Yar nan, rage murya, kina tayar min da kai."

"Ka ce min wurin abokanka kake zuwa hira."

"Abokaina sun mutu. Wa ya rage?" Ya ja numfashi, tana jin ƙararsa kamar ana jan ruwa da tsinken sha. Ya nuna katangar da haɓa. "Hau sama ki leƙa ta can gefen."

"Ba zan hau ba."

"To in gaya miki abin da za ki gani. Rufin gidanki. Da na mai facin taya, da makarantar 'yan biyunki. Duk a ƙarƙashin katangar nan kuka yi gini. Ragar nan ita ce mafitar ruwa, ta nan yake bi ya faɗa kwata ya wuce bayan gari. Shekara takwas ba wanda ya taɓa ta. Ta toshe. Ga damina ta kama, katangar kuma ta tsage wuri biyu, na sa hannuna a ciki har wuyan hannu." Ya huta. "Takarda huɗu na rubuta musu. Ta ƙarshen ke na ba wa. Ko amsa ba su yi ba."

Anti Tela ta kau da kai. Takardar tana cikin aljihun keken ɗinkinta, ƙarƙashin zare da maɓallai. Ranar da ya ba ta, aiki ya yi mata yawa, ta ce gobe. Da ya tambaya bayan kwana biyu, ta ce ta kai, don ya bar ta ta huta.

"Tashi mu tafi," ta ce. "Likita yana jira."

Ya gwada tashi, ƙafafun suka ƙi. Ta sa kafaɗarta a hammatarsa ta ɗaga. Mutum ne siriri, amma ruwan da ya taru a jikinsa ya sa shi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu. Matakala goma sha biyu, sai da suka huta sau huɗu. A sama ta jingina shi da bangon bayan gidan, ta ɗauko filas, ta ba shi sauran ruwan ciki. Ta miƙa masa ƙwayoyin, ya kalle su, ya kalle ta, ya haɗiye ba musu. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Ta kira mijinta.

"Na same shi. Ba ya iya tafiya. Ina makullin?"

"Ina ofishin ruwa. Sun ce makullin yana wurin mai gadi."

"To ina mai gadin?"

"An mayar da shi wani wuri tun bara. Wani ya ce a tambayi mai kula da sito. Mai sito ya tafi biki, sai Litinin."

"Litinin? Ka gaya musu mutum ne ba shi da lafiya a ciki?"

"Na gaya musu. Sun ce me ya kai shi, wurin a rufe yake. Wai in rubuto takarda."

"Ka bar su da takardarsu! Je ka ɗauko mai walda ya yanke sarƙar."

"Kayan hukuma ne fa, idan aka kama ni..."

"Ka ce ni na sa ka. Ka yi sauri, don Allah, numfashinsa ba daidai yake ba."

Ta kashe wayar. Baba yana kallon ta da ɗan murmushi.

"Sarƙar nan ni na saya musu," ya ce. "Mai kyau ce. Zai sha wuya."

"Baba, ba abin dariya ba ne."

"A ɗakin can da na share aka haifi Auta. Ruwan sama ake yi, mota ba ta iya shigowa. Ni da uwarta kaɗai." Ya yi tari. "Ta kira?"

"Ta kira. Ta ce za ta yi maka faɗa."

"Halin uwarta." Ya lumshe ido, ya buɗe, ya mayar da shi kan ragar. "Saura abu ɗaya. Katifa ce ta naɗe a ƙasan ragar, ita ta riƙe komai. Tun safe nake fama da ita. Idan ta fita, ruwan zai ja sauran da kansa."

"Ta zauna nan har ta ruɓe."

"Hadari yana haɗuwa ta gabas. Yau ko gobe."

"Na ce a'a."

Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya fara jan jiki zuwa matakala.

"Ina za ka? Baba! Wai kai wane irin mutum ne?" Ta riƙe shi, ta mayar da shi jikin bangon. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka da sauri. "Zauna! Na ji! Zan cire maka katifar tsiya. Amma ka motsa daga nan, wallahi in bar ka in yi tafiyata."

Ta cire takalmi, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta tattare zani. Taɓon ya haɗiye ƙafarta har ƙwauri, da sanyi, da santsi, wani abu yana motsi tsakanin yatsunta. Ta ɗauki manjagara ta caka a ƙasan ragar.

"Hagu," ya ce daga sama, muryar ƙasa-ƙasa. "Ki sa haƙoran ta ƙasa, ki ja sama."

"Na san yadda ake jan abu!"

Ta ja, manjagarar ta suɓuce, ta kusa zama a ruwan. Ta sake cakawa. Ƙazamin ruwa ya fantsar mata a fuska, ta tofar. Ta ja, ta ja, kafaɗunta suna zafi, bakinta bai tsaya ba.

"Kayan yara arba'in na bari a kan tebur. Arba'in! Jibi za a zo karɓa. Ga ni nan ina kokawa da katifar da ban san wanda ya kwana a kanta ba. Mutum yana da 'ya'ya uku, sai ni. Na haife ka ne? Ka sa na yi wa 'yata faɗa a kan filas, yarinya ta kwana tana kuka." Wani gefen katifar ya ɗago, baƙi, yana zubar da taɓo. Ta jefar da manjagarar ta kama shi da hannu biyu. "Kuma takardar nan taka, ban kai ba! Ka ji? Tana cikin keke. Na manta, na yi maka ƙarya. Ka yi fushin ka gama, ni ma fushin nake yi!"

Ta kafa ƙafa a jikin siminti ta ja da dukan ƙarfinta. Katifar ta saki gaba ɗaya, Anti Tela ta faɗi zaune a cikin taɓo da ita a cinya. Ragar ta yi wani gurnani, sannan ruwan ya fara tafiya. Robobin da ke kai suka juya, suka yi layi, suka nufi wuri ɗaya. Can ƙarƙashin katangar ta ji ƙarar ruwa yana faɗawa kwata.

Ta ture katifar gefe, ta miƙe tana haki.

"To, ga shi nan. Hankalinka ya kwanta? Sai ka..."

Yana nan inda ta bar shi, a jingine, fuskarsa tana fuskantar ragar. Kansa ya ɗan karkata zuwa kafaɗa. Hannunsa ɗaya ya sauka daga cinya, ya kwanta a ƙasa a buɗe.

"Baba?"

Ta hau matakala da rarrafe, tana barin sawun taɓo. Ta taɓa wuyansa kamar yadda ta ga ana yi a asibiti, ta sa kunne a ƙirjinsa, ta girgiza shi, ta kira shi da ƙarfi sau uku. Sannan ta zauna a kan dugaduganta.

"Inna lillahi," ta ce.

Ba ta san ko ya ga ruwan ya tafi ba. Ba ta san ko ya ji maganar takardar ba. Tun yaushe ya daina ce mata hagu da dama? Ta yi ta ƙoƙarin tunawa, ta kasa, domin muryarta ce kaɗai ta cika mata kunne a lokacin. Ta goge hannu a zani, ta goge, ta goge, har ya bushe, sannan ta rufe masa ido.

Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne.

"Ga mu a get, ni da mai walda. Ya ce sarƙar tana da kauri, sai ya ɗan ɗauki lokaci. Yaya jikin nasa?"

"Ku yi a hankali," ta ce. "Ba sauri yanzu."

Ta ji numfashinsa a cikin wayar. "Ki zauna nan, Maman 'Yan Biyu. Kada ki motsa. Ina zuwa." A hankali ya faɗe shi, da muryar da ta daɗe ba ta ji a bakinsa ba.

Ta nemo lambar Auta, ta kalle ta, ta ajiye wayar a kife a kan siminti. Za ta jira sai mijinta ya iso. Ba za ta iya faɗar wannan ita kaɗai ba.

Daga nesa ƙarar injin yanka ƙarfe ta taso, tana tsayawa tana ci gaba. Rana ta kai tsaka, inuwar bangon ta janye har ta bar fuskar tsohon a fili. Anti Tela ta kwance mayafin daga ƙugunta, ta ga duk ya ɓaci da taɓo, ta ajiye shi. Ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da rana. Da inuwarta ta ɗan goce daga goshinsa, sai ta matsa taku ɗaya.